Rantsuwar Baba da Mazaɓar da Aka Yanke

Mazaɓarmu ta da ba ta da siffar kirki. Wanda ya zana ta a Sakkwato, ko dai bai taɓa taka ƙasarmu ba, ko kuma gyangyaɗi yake yi alƙalami ya zame masa. Ta taso daga gefen Ƙauran Namoda, ta miƙe arewa 'yar siririya, ta tsallaka gulbi ta kwaso wasu ƙauyuka ta wajen hanyar Zurmi, ta karkata kamar za ta Shinkafi, sai kuma ta fasa. Ƙauyenmu na can ƙarshenta, a gabashin gulbi, inda mota ba ta zuwa da damina sai in mai ita yana neman wani abu a wurinmu. Kujera ɗaya mazaɓar take da ita a majalisar jiha, kuma duk lokacin da soja suka yarda aka yi zaɓe, mutum ɗaya ne ke hawa kujerar. Ba zan faɗi sunansa ba. Honarabul muke ce masa, yana kan kujera ko ba ya kai, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba.

Kafin siyasa, awon gyaɗa da auduga yake yi a Ƙaura, kusa da tashar jirgin ƙasa. Manoma sun san babban yatsansa a gefen sikeli tun kafin su san muryarsa a lasifika. Mahaifina ma ya sani, don shi ma manomin ne, gero da dawa da 'yar gyaɗa, kuma an sha auna masa buhu ya koma gida yana lissafin da bai fita ba. Saboda haka ba jahilci ne ya sa Baba ya yi abin da ya yi ba.

Zaɓen farko da na yi wayo na gani, da damina ya faɗo. Ina kwalejin horon malamai a lokacin, na zo hutu. Wata safiya Inna ta je bakin gona tsinkar tafasa, kububuwa ta sare ta a idon ƙafa. Gulbi ya cika ya batse, kwalekwale yana can ƙetare, ƙafa sai kumbura take yi. Ana cikin wannan sai ga a-kori-kurar Honarabul ta zagayo ta hanyar Zurmi, ɗauke da lasifika biyu da maroƙi, ya zo neman ƙuri'a. Aka ɗora Inna a baya, Baba ya tallafe kanta, aka nufi asibitin Ƙaura. Ta rayu, ta ƙara shekaru masu yawa a duniya, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta fasa ba da labarin yadda ita ta gan shi ba.

"Sau biyu anka tsaya da ni ga hanya," in ji ta. "Kowane gari sai shi hau bisa mota shi ce, ku zo ku ga matar da nika ceto. Mutane na leƙo ni awa tunkiyar layya. Ga lasihika bisa ƙahwata, wadda macijin yas sara."

Baba kuwa abu ɗaya ya gani: matarsa ta tafi rai a hannun Allah, ta dawo da ƙafarta. Da Honarabul ya sake zagayowa kafin ranar zaɓe, don ya karɓi godiyar da ya shuka, Baba ya bari sai da aka idar da la'asar. Ya shiga gida, ya fito da Alƙur'aninsa a cikin gafaka, ya tsaya a ƙofar masallaci gaban jama'a. Liman ya gane inda aka nufa, ya kama hannun rigarsa ya ce, "Malam, godiya ta isa." Baba ya zame hannu, ya ɗora dama a kan littafin.

"Na rantse da wanda yas saukar da wanga littahi," ya ce, "muddin ina da rai, duk randa kat tsaya zaɓe, ƙuri'ata taka ta."

Ba wanda ya nemi ya rantse. Honarabul kansa sai da ya ɗan ja baya, sannan ya tuna abin da ya kawo shi, ya sa maroƙinsa ya maimaita maganar a lasifika. Ni ina tsaye a gefe, kunya ta kama ni, don a lokacin na fara karatun boko sosai, na ɗauka na fi kowa a garin hankali.

Daga nan tarihin mazaɓarmu da tarihin rantsuwar Baba suka zama abu guda. Zaɓen farko Honarabul ya ci. Shekara huɗu yana majalisa a Sakkwato, abin da muka gani nasa shi ne wata rijiya da aka haƙa gaba biyu aka bari, akuyoyi biyu suka faɗa. Zaɓe na biyu ma da damina aka yi. Akwatin ƙauyenmu yana zauren mai unguwa, ana jiran gulbi ya janye a tsallaka da shi, muka ji rediyo ta faɗi sakamakon mazaɓar duka, har da namu. Mai unguwa ya dubi akwatin, ya dubi rediyon, ya ce to ai sai a zuba ƙwayar gyaɗa a ciki. Baba bai damu ba. Ya dangwala wa mutuminsa, ya fita haƙƙin rantsuwa, ko an ƙirga ko ba a ƙirga ba wannan tsakaninsu da Allah.

Soja suka zo suka kore kowa. An ce Honarabul ya ɗan kwana biyu a hannu, ya fito ya fi da ƙiba, ya koma ɗan kwangilar bencinan makaranta. Ni da na fara koyarwa, na zauna a kan bencinansa, na san ƙusar da ke cikinsu.

Sai zaɓen layi, wanda aka ce kowa ya tsaya a bayan hoton wanda yake so, a ƙirga kawuna a fili. Shi ne aikin zaɓe na farko da aka ba ni, don a ƙasarmu in an rasa mai riƙe alƙalami, malamin firamare ake kamowa. A wannan karon ƙauyenmu ya gaji da Honarabul. Kusan kowa ya bi bayan hoton ɗaya ɗan takarar, wani tsohon malamin gona. Baba ya zo tun da hantsi, ya karɓi hoton Honarabul ya riƙe da hannunsa, ya tsaya. Mutum biyar ne suka bi bayansa, uku daga ciki surukan Honarabul ne. Da mata suka fito, Inna ta wuce ta gabansa ba ta ko kalle shi ba, ta shiga ɗaya layin. Da yamma ya yi mata magana, ta ce, "Malam, kai kar rantse. Ni macijin kaɗai yas sara." Honarabul ya faɗi a ƙauyenmu, amma ya ci a mazaɓa, yadda ya saba.

Jam'iyya kuwa ya sauya ta fi a ƙirga. Baba ba ya tambayar dalili. In zaɓe ya matso, sai ya ce mini, "Wace alama yaɗ ɗauka bana?" In nuna masa, ya haddace, shi ke nan.

Da aka yanke mana Zamfara daga Sakkwato, mun yi murna, kuma har yau ban ga laifin murnar ba. Gusau ta zama babban birni, takardar da a da sai an kwana a hanya kafin a sa mata hannu, yanzu a yini ɗaya an je an dawo. Amma sabuwar jiha tana son sabbin kujeru, sabbin kujeru kuma suna son sabbin mazaɓu. Aka zauna a wani ofis aka sake zane. Wani mai hikima ya ga gulbi a taswira, ya ce ga iyaka Allah ya riga ya shata. Yammacin gulbi ya zama mazaɓa guda, gabashi aka liƙa shi da wasu garuruwan da ko kasuwa ba ma ci tare. Tsohuwar mazaɓarmu ta mutu ba a yi mata ko sanarwa ba. Ba sanƙira, ba rediyo, ba mai unguwar da aka kira aka gaya wa.

Mutanenmu ba su lura ba, don zaɓe biyu a jere Honarabul bai tsaya ba. Na farko soja ne suka shirya shi, waɗanda suka ci ma ba su taɓa zama a kujerun ba. Na biyu, da farar hula suka dawo, jam'iyya ta hana shi tikiti. Tunda bai tsaya ba, rantsuwa ba ta hau kan Baba ba, sai ya bi liman ya dangwala inda liman ya dangwala. Ni kaɗai a gidanmu na san an yanke mazaɓa, don na ga takardar a wurin horon malaman zaɓe. Ban faɗa ba. Na ɗauka Honarabul ya ƙare, rantsuwa ta bi shi.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a. Zan faɗi gaskiya, talakawanmu da zuciya ɗaya suka karɓe ta. Baba ya hau bayan babbar mota ya je Gusau, ya dawo murya a dishe saboda kabbara, yana cewa yanzu mai sikeli zai ji tsoron Allah. Mai sikelin kuwa ya fi kowa saurin jin inda iska ta nufa. Kafin a yi girbi Honarabul ya tsayar da gemu, ya rina shi da lalle, ya ɗage wando, ya ƙara Malam a gaban Alhajinsa. Carbin da yake riƙewa ya kusa kai gwiwa. Mutumin da muka sani da maroƙi a bayan mota, yanzu mai wa'azi yake ɗaukowa, kuma ba ya buɗe baki sai ya ambaci amana. Irinsa suna da yawa a shekarun nan, sun mai da abin da talaka ya zubar wa hawaye rigar yawon neman ƙuri'a. Na tsane su a lokacin, kuma tsufa bai rage mini ba.

Aka yi sabuwar rajista, Baba ya yi tasa a ƙauyenmu, a ƙarƙashin tsamiyar da aka saba. Bayan 'yan watanni ya tsallaka gulbi ya je kasuwa sayar da wake, ya dawo da la'asar yana sauri, abin da bai saba ba, don a lokacin ya haura saba'in. Ya same ni ina wanke babur.

"Ya tsaya," ya ce. "Na ga hotonai ga bangon kasuwa. Wace alama ta?"

Nan na yi masa bayanin da ya kamata in yi shekaru kafin haka. Na ce Honarabul a yammacin gulbi ya tsaya, mu kuma yanzu 'yan gabas ne. Ko da ya dangwala wa alamar jam'iyyarsa a ƙauyenmu, wani mutum dabam zai samu, wani yaro mai sayar da taki da bai taɓa gani ba. Baba ya dubi ruwan da ke gangarowa daga tayar babur.

"Gulbin da nika tsallakawa da ƙahwa da rani," ya ce, "shi az zama iyaka?"

Na ce shi ne.

"Kuma ka sani?"

Na ce na sani. Sai ya shige gida.

Liman, wanda ya kama masa hannun riga shekaru ashirin da wani abu da suka wuce, yana nan da ransa. Ya ce abin mai sauƙi ne, addini bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ya ce Baba ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma, ya huta. Wasu malaman ma cewa suka yi babu komai a kansa, tunda ba shi ya yanke mazaɓar ba. Baba ya saurare su duka da ladabi, sannan ya ce, "Kahhwara ta wanda yak kasa ta. Ni ban kasa ba tukun." Abin da yake tsoro a fili yake: ya tsufa, bai taɓa karya rantsuwa ba a rayuwarsa, ba ya son ya je kabari da karyayya ko da an ɗinke ta da tuwo.

Ya sa na goya shi a babur muka je Ƙaura, wai Honarabul babban mutum ne, zai san yadda za a mai da sunansa ƙetare. Muka zauna a ƙofar gida tare da 'yan maula da 'yan jagaliya tun hantsi har azahar. Da aka shigar da mu, yana kan kujera mai laushi, carbi a hannu, ana yi masa fifita duk da fanka na juyawa. Baba ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce shi ne mijin matar da maciji ya sara.

"Allah sarki, Allah shi jiƙanta," in ji Honarabul.

"Tana nan da ranta, ranka shi daɗe."

"To madalla, madalla. Wane gari na?"

Baba ya faɗi sunan ƙauyenmu. Na ga fuskar mutumin ta saki, irin sakin da fuskar ɗan kasuwa ke yi in ya gane mai taya kaya ba saye zai yi ba. "Ai Baba ku yanzu ba nawa ba na," ya ce. "An ɗebe ku. Ku dai yi muna addu'a." Ya juya ga na bayanmu. A bakin ƙofa wani ya miƙa wa Baba sabulu sanda ɗaya mai hoton gemun a jikin takarda.

A hanya na zazzage duk abin da ke cikina. Na ce ga mutumin da kake wahala dominsa, ko sunanka bai sani ba, har ya kashe Inna da bakinsa. Baba yana bayana riƙe da sabulu, ya bari na gama. "Ba shi nir rantse ma ba," ya ce. "Shi dai ya tsaya kusa."

A shekarar, makarantar da nake koyarwa tana ƙetaren gulbi, cikin mazaɓar Honarabul, kuma ni aka naɗa shugaban rumfar zaɓen da ke makarantar. Da Baba ya ji, fuskarsa ta washe. Ya ce Allah ba ya toshe ƙofa duka. Na ce masa, "Baba, sunanka ba ya cikin rajistar can." Ya ce, "Ai kai ka riƙon rajistar." Na yi 'yar dariya na bar maganar, yadda na saba barin duk maganar da ke da nauyi.

Zaɓen majalisar jiha shi ne na ƙarshe, bayan an riga an yi na manya. Bazara ce, zafi kamar a gasa gurasa, mutane sun gaji da layi, kowa ya tafi sharar gona. Muka jera tebur a barandar aji uku, ni da mataimakana biyu, ga wakilan jam'iyyu a kan benci, ɗaya daga cikin bencinan nan masu ƙusa. Ban gama buɗe akwati na nuna wa jama'a ba komai a ciki ba, na hango Baba yana hawowa daga yashin gulbi. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a da rawani, sanda a hannu, takalmi a ɗaya hannun. Shi ne na uku a layi.

Da ya iso tebur ya miƙo mini katinsa da hannu biyu. Wakilan jam'iyyu sun san shi, sun san ni. Wakilin abokin hamayya ya gyara zama, ya ciro biro. Ni kuwa na buɗe rajista na bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe, kamar ban san abin da zan tarar ba. Sannan na ɗago, na yi magana da muryar da nake yi wa 'yan aji shida.

"Baba, sunanka ba ya nan. Doka ba ta yarda ba. Rumfarka tana can gida."

"Guda ɗai ta," ya ce a hankali. "In dangwala in tahi."

"Doka ce, Baba. Amana aka ba ni."

Amana. Da bakina na faɗi kalmar, kuma har na ji daɗin yadda ta fito. Wakilin hamayya ya gyaɗa kai ya ce, "Malam ya yi gaskiya, zamanin Shari'a na." Baba ya dube ni, ba fushi a idonsa, sai wani abu mai kama da girmamawa, wanda ya fi fushin ciwo. Ya karɓi katinsa ya sa a aljihu. "To," ya ce. "In amana ta, riƙe ta." Ya sauka daga baranda, na bi shi da kallo har ya shiga yashi, ya cire takalmi, ya ƙanƙance ya ɓace. Na zauna ina jin kaina wani babban mutum, wanda ya hana mahaifinsa don gaskiya. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin a ɗakin malamai.

Zuwa azahar waɗanda suka zo ba su cika kashi ɗaya cikin huɗu na rajista ba. Takardun ƙuri'a suna nan jibge. Muna dawowa daga salla sai ga mota ta tsaya a filin makaranta, mutanen Honarabul su huɗu suka fito da balangu a takarda da lemon kwalba mai sanyi. Babbansu, wani mai tabon salla sabo fil, ya gaishe ni da fara'a. Wakilin hamayya, mai biron nan, aka ja shi bayan aji aka yi masa raɗa, ya dawo ya ce cikinsa na murɗawa, zai je gida ya dawo.

"Malam," in ji mai tabon, "takardun ga dukiyar gwamnati ta. Almubazzaranci na a bar su su lalace."

Na ce doka ba ta yarda ba. Muryar ba ta fito irin ta safe ba.

Bai zare ido ba, bai nuna mini sanda ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Cewa kawai ya yi ya ji ana neman hedimasta a wata makaranta can bayan Galadi, inda babur ma sai an tura shi, kuma ya ji ana neman wani a cikin Ƙaura, kusa da asibiti. Ya ce Honarabul mutum ne mai tuna alheri. Ya buɗe takardar balangu ya turo gabana.

Aka rufe ƙofar aji uku. Muka zauna mu bakwai muna dangwalawa. Da babban yatsa ya gaji na koma manuni, daga nan na tsakiya, har ƙaramin bai tsira ba, wai don kada zanen ya zama iri ɗaya. Ɗaya daga cikin mataimakana yana bin rajista yana sa alama a gaban sunaye. Na ji ya kira sunan wani tsoho mai gyaran fitila da ni kaina na bi sallar gawarsa da kaka, na dangwala masa. Matan da ke can gona suna tattara kara, mazan da suka tafi cin rani Kudu, duk sun yi zaɓe a hannuna. Ana cikin yi wani tunani ya zo mini, na kama shi da ƙarfi don in samu abin riƙewa: ai ga shi ina cika wa Baba rantsuwarsa, har da riɓi. Na zaɓi takarda ɗaya na danna mata yatsa sosai, na ce a raina wannan ta Baba ce. Na ci balangun kuma, yana da daɗi.

Na kai akwati inda ake tattarawa, na tsallaka gulbi da babur da la'asar sakaliya. Tun daga nesa na ga hayaƙi a gidanmu fiye da na kullum. Baba bai tsaya ko a rumfar ƙauyenmu ba. Yana dawowa ya sa aka buɗe rumbu aka sauko da dami, Inna da matata suka surfa suka niƙa, aka tuƙa tuwon gero da miyar kuka, ya yanka zakaran da ke gidan. A zaure na tarar an shimfiɗa tabarmi, mutane zaune a jere: makaho mai saƙar igiya, da gurgun bakin kasuwa, da wasu tsofaffi da 'ya'yansu suka tafi suka bar su. Liman yana gefe. Baba da kansa yake ajiye akushi a gaban kowa, har yanzu da rigar Juma'ar a jikinsa.

Na ja shi gefe, bakin ƙofar zaure, na rage murya. "Baba, da ka dakata. Ba sai ka yi kaffara ba. Na jefa masa a madadinka."

"Kaj jehwa?"

"Na jefa. Ba ma ɗaya ba."

Sai a lokacin ya dubi hannuwana. Yatsu goma duk sun yi shuɗi har gindin farce, tawadar da ba ta fita sai ta ga dama. Ya kamo hannun damana ya juya shi, ya duba ciki ya duba baya, yadda yake duba zangarniyar da tsutsa ta shiga.

"Da sahe kac ce mani amana," ya ce. "Na taho ina ta godiya ga Allah bisa hanya. Nic ce na rasa rantsuwata, amma na haihu."

Ya saki hannun, ya koma cikin zaure, ya bi mutanen da ke zaune da ido yana ƙirgawa. Liman ya ce, "Tara na, Malam. Na aika a kira tsohuwar bayan masallaci, an ce ta tahi gidan ɗiyarta. Sai a aje na gudan har gobe."

"Ba sai gobe ba," in ji Baba. Ya ɗauki akushi na goma ya ajiye a ƙarshen tabarma, kusa da makaho. Ya juyo gare ni. "Zamna. Kai an na goma."

Liman ya yi gyaran murya. "Malam, ai shi ma'aikaci na, shina da albashi. Ba miskini ba na."

"Na duba garin ga duka," Baba ya ce, "ban ga wanda yah hi shi rashi ba."

Ba wanda ya yi dariya. Inna tana tsaye a ƙofar cikin gida da ƙwaryar ruwa. Na cire takalmi na zauna. Makahon ya matsa mini, ya laluba ya turo mini ruwan wanke hannu. Na wanke, na sake wankewa, ruwan bai ko canza launi ba. Baba yana tsaye a kaina yana jira, don kaffara ba ta cika sai na goma ya ci. Na sa shuɗin hannuna a cikin tuwon, na yanko loma.